Sunan Mutane da Ya Koma Sunan Bawa

Gidanmu a Maje, gefen Suleja, shi ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. In ka fita ta ƙofar baya, sai dawa, sai kunyoyin doya, sai ɗan rafi, can gaba kuma duwatsu. Yau in ka tsaya a wurin, gidajen haya kawai za ka gani da tankunan ruwa a kan rufi. Amma lokacin da nake yaro, muryar kakarmu ce kaɗai ke tashi a wannan gefen bayan sallar isha'i, sai kukan kwaɗi idan damina ce.

Iya muke kiranta. Ita ta haifi Baba da ƙanensa, Baffa Sale. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana da rana, har baƙo ya ɗauka fushi take yi. Sai an sauke tukunyar tuwo, an wanke kwanuka, sannan ta ja garwashi gefe guda, ta binne gutsuren doya a cikin toka, ta ce, "Ga wata ta iso, ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta zauna, Iya." Ni da ƙanwata Hauwa da yaran maƙwabta mu matso har hayaƙi ya riƙa sa mu hawaye. Labaranta na kura ne da kurege da 'yan mata masu taurin kai. Ba ta canza murya kamar sauran tsofaffi. A hankali take zubo su tana juya doya, kamar tana ba da labarin mutanen da ta haɗu da su jiya a kasuwa. Shi ya sa suke ba mu tsoro.

Akwai abu guda da take yi wanda ke ɓata wa Baba rai. Idan ta yo itace daga gona, a kafaɗa take ɗaukowa, yadda matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ke yi, sai ta kusa gida sannan ta mayar da shi ka. Ranar da ta manta ta shigo da shi a kafaɗa, Baba ya ce, "Haba Iya, mutane na kallo fa." Shi Baba kullum abin da yake gaya mana shi ne mu Zazzagawa ne, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga Zariya suka kafa garin Suleja. Da wannan na tashi, da shi nake taƙama a makaranta.

Ina ajin firamare na tsakiya ma'aikatan Abuja suka fara kwararowa Suleja neman wurin zama. Ƙasar da a da ba a kallo ta zama abin rububi. Wata safiya bayan an gama girbi, muna gona muna tattara kara, sai ga Alhaji Tanko, dillalin filaye, da wasu samari ɗauke da turaku da igiya. Suka fara kafawa ba tare da sun yi mana sallama ba.

Baba ya ajiye abin hannunsa ya ce, "Alhaji, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Audu. Ba rigima na zo yi ba. Gonar nan ta gidanmu ce. Kakanmu ne ya ba wata baiwarsa aronta don ta samu abin sawa a baki, ku kuwa jikokin baiwar ne. Mun yi muku kara shekara da shekaru. Yanzu muna bukatar abinmu."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Baffa Sale kuwa fartanya ya rarumo ya yi kansa, yana cewa, "Maimaita abin da ka faɗa!" Da ƙyar Baba ya riƙe shi ta baya. Mutane suka taru. Magana ta je gaban mai unguwa, shi kuma ya ce ranar Asabar kowa ya zo gonar, za a kira dattawa, za a zo da Alƙur'ani, wanda ke da gaskiya ya dafa ya rantse.

Daren Juma'ar ba wanda ya ci tuwon kirki. Sanyi ake yi, amma yaran maƙwabta ba su zo ba, iyayensu sun hana su. Baba da Baffa suna zaune a ƙofar ɗaki, 'yan taku kaɗan daga murhu, suna magana ƙasa-ƙasa, duk da haka muna ji.

Baffa ya ce, "Yaya, rantsuwa ce kawai. Kai ka ga wata baiwa da idonka? Ba ka gani ba. To ka rantse a kan abin da ka sani."

Baba ya ce, "Abin da na sani…"

Baffa ya ce, "Ka san gidan da nake neman aure a cikin gari. In maganar nan ta tabbata, ko gaisuwata ba za su ƙara amsawa ba. Yaranka fa? Da wane ido za a kalle su?" Sai ya ɗaga murya ya ce, "Iya, gobe ki yi zamanki a gida. Rana za ta yi miki yawa."

Iya ba ta waiwaya ba. Ta gyara itace har wuta ta kama sosai, abin da ba ta saba yi ba, don ita garwashi take so. Ta ce, "Danlami, Hauwa, ku matso. Ga wata ta iso."

Muka amsa a tsorace. Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, kuma ba mu take kallo ba, wuta take kallo.

Ta ce an yi wata yarinya a wani ɗan ƙauye na gidaje kaɗan, tsakanin rafi da duwatsu. Ubanta manomin doya ne. A tsakiyar gonarsu akwai wata ɗorawa, a ƙarƙashinta suke binne matattunsu, suna jera duwatsu a kai. Wata rana an tura yarinyar korar birai daga gona, sai ta ji ƙauye ya ɗauki ihu. Kafin ta ruga, wani ya fito daga cikin dawa ya toshe mata baki. Mahara ne. Aka ɗaure ta da igiya tare da wasu yara, aka kora su zuwa birni. Da ta waiwaya, hayaƙi kawai ta gani.

A birni ta faɗa hannun wani mai gida. Ranar farko aka tambaye ta sunanta, ta faɗa. Suka gwada, bakinsu ya kasa, suka yi dariya, suka ce, "A bar shi, Bagwariya ce." Daga ranar sunanta ya zama Bagwariya. Bagwariya ɗebo ruwa, Bagwariya share turke. Da aka kawo wata yarinyar daga wani yanki dabam, mai wani harshe dabam, ita ma Bagwariya suka kira ta, don a gidan kalmar ta daina nufin wasu mutane masu garinsu, ta koma nufin duk wadda ake aika. Idan ta ɗauki tulu a kafaɗa kamar yadda uwarta ta koya mata, a doke ta a ce ta ɗora a ka. Idan ta yi Hausa, yaran gida su kewaye ta suna kwaikwayonta, suna cewa ta ƙara yin gwarancin su ji.

"Sai ta daina magana," in ji Iya. "Suka ce ta kurmance. Ba ta kurmance ba. Kullum kafin ta yi barci takan faɗi sunanta a cikin tafin hannunta, a hankali, don kada ya ɓace mata."

Baba ya ce daga ƙofar ɗaki, "Iya, ya isa haka. Yara su je su kwanta."

Ta ci gaba kamar ba ta ji ba. Ta ce yarinya ta girma a gidan, aka aurar da ita ga wani bawan gidan, ta haifi 'ya mace, mijin ya mutu. Can zamani ya juya, aka ce ba sauran kama mutum, wanda ke son tafiya ya tafi. Wasu suka zauna don ba su san wani wuri ba. Ita kuwa ta goyi 'yarta, ta bi rafi, ta yi ta bi har ta ga duwatsun da ta sani. Babu ƙauye, babu gida, daji ya cinye komai. Ɗorawar ce kawai ke tsaye, da duwatsun da ke ƙarƙashinta. Nan ta sauke goyo. Da hannunta ta sare dajin, ta yi bukka, ta binne doya. Babu wanda ya ba ta aro, don ba a ba mutum aron gonar ubansa.

Hauwa, wadda ba ta gane abin da ke faruwa ba, ta ce, "Iya, mene ne sunan nata?"

"Shekwonya."

"Kin taɓa ganinta?"

"Ita ta goye ni. Uwar uwata ce."

Na san ɗorawar. Tun ina ƙarami ake hana mu yin huɗa a gindinta, ba a taɓa gaya mana dalili ba. Baffa Sale ya miƙe tsaye, ya yi kamar zai yi magana, sai ya shuri wani kwano ya fice daga gidan. Baba ya taso a hankali ya tsuguna a ɗaya gefen wutar.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Na faɗa maka kana yaro, ka toshe kunne. Mahaifinku kuma ya ce in bar maganar, na bari." Ta ɗago ta dube shi. "Audu, ban hana ka ba. Amma gobe in ka ɗora hannu a kan Littafin Allah ka ce ba a yi ta ba, to ka haɗa da ni, don a bayanta na yi barci."

A daren ba ta rufe labarin da komai ba, ba ta kuma tono doyar da ta binne a toka ba. Da safe na ga ta ƙone ta zama gawayi.

Hantsi ya yi, mutane suka cika gonar. Mai unguwa na zaune a kan tabarma, liman na gefensa da Alƙur'ani a cikin gafaka. An kira wani tsoho daga ƙauyen Gbagyi da ke bayan duwatsu, don shi ya fi kowa sanin iyakoki. Iya ta zo, ba ta nemi izinin kowa ba, ta zauna can baya tare da mata. Baffa yana tsaye nesa, ya harɗe hannu.

Alhaji Tanko ya maimaita maganarsa. Mai unguwa ya juyo ya ce, "Malam Audu, ka ji. Ka yi alwala?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Za ka rantse cewa babu baiwar gidansu a cikin asalinku?"

Liman ya miƙo Alƙur'ani. Baba ya ɗaga hannu. Baffa ya ce da ƙarfi, "Yaya, dafa mana!" Hannun ya tsaya a sama. Sai Baba ya janye shi ya mayar cikin aljihu.

"Ba zan rantse a kan wannan ba. Gaskiya ne, an bautar da kakar mahaifiyata a gidansu."

Surutu ya ɓarke. Alhaji Tanko ya yi murmushi ya buɗe hannuwa, yana kallon jama'a.

Baba ya ce, "Ban gama ba. Zan rantse cewa daga cikin gonar nan aka sace ta. Ga kaburburan iyayenta can gindin ɗorawa. Sunanta Shekwonya."

Tsohon nan na bayan duwatsu, wanda tun zuwansa yake gyangyaɗi a kan sandarsa, ya ɗago kai. Ya ce a sake faɗin sunan. Aka sake. Ya miƙe ya taka har gindin ɗorawa, ya share ganye da ƙafa, ya daɗe yana kallon duwatsun. Da ya dawo ya ce da Hausarsa mai nauyi, iyayensu sun gaya musu akwai gidaje a nan da aka ƙone, kuma akwai wata mace da ta dawo ita kaɗai bayan shekaru, suka yi mata tayin ta koma cikinsu ta ƙi. Ya ce su har yau ba sa saran itacen nan. Wasu samari suka fara dariyar yadda yake magana, mai unguwa ya daka musu tsawa.

Sannan mai unguwa ya juya ga Alhaji ya ce, "Kai za ka rantse cewa gonar ta kakanka ce kafin ita?"

Alhaji ya ce shi abin da ya ji a gida ya faɗa, kuma bai kamata a riƙa wasa da rantsuwa ba. Bai dafa ba.

Da a tatsuniya ne, nan za a ce mun ci nasara. Amma Alhaji mutum ne mai jama'a, mai unguwa kuma yana son zaman lafiya. Aka yanke cewa a ba shi gefen da ke bakin hanya, wai ladan ci da sha da gidansu ya yi wa baiwar. Mu aka bar mana gefen rafi da ɗorawa. Gefen hanyar shi ne mai daraja, kowa ya sani. Kafin wata ya ƙare, gidan da Baffa ke neman aure suka dawo masa da kayansa. Ya haɗa jakarsa ya tafi Kaduna, bai yi wa Iya sallama ba. A makaranta aka raɗa mini ɗan baiwa. Na yi dambe har na gaji, daga baya na koyi sunkuyar da kai. Iya ta ci gaba da ba da labarai, amma na fara zama nesa da wutar. Ina jin haushinta, ban san yadda zan faɗa ba.

Bayan na gama sakandare, Baba ya kai ni koyon gyaran kwamfuta a wani shago kusa da kasuwa, wurin Oga Bitrus, mutumin Filato mai haƙuri da yawan raha. Wata rana aka kawo wata kwamfuta da mai ita ke son a ƙara mata faifan ajiya na biyu. A wancan zamani faifai biyu kan hau waya ɗaya, mai faɗi kamar ɗamara. Oga ya nuna mini wata 'yar roba da ba ta fi ƙwayar masara ba a bayan faifan.

"Duba nan, Danlami. In ka sa ta a wannan ramin, faifan ya zama master. In ka sa a wancan, ya zama slave. Dole ɗaya ya zama maigida, ɗaya bawa. In ba haka ba su yi ta faɗa, kwamfuta ta ƙi tashi."

Na karanta rubutun da ke jikin ƙarfen. Haka aka buga shi, ƙarara, daga masana'anta. Akwai wani ɗan koyo a shagon, ɗan unguwarmu ne, ya san komai. Ya ce, "Oga, bar wa Danlami wannan ɓangaren, aikin gidansu ne."

Ban san lokacin da na shaƙe masa wuya ba. Muka faɗa kan teburi, sukurori suka watse, faifan mutumin ya kusa faɗuwa ƙasa. Oga ya raba mu, ya kori ɗayan gida, ni kuma ya ce in zauna. Na ɗauka korata zai yi, ina ta tunanin abin da zan gaya wa Baba. Sai ya ja kujera ya tambaye ni dalili. Na gaya masa duka, karo na farko da na gaya wa wani da bakina.

Da na kai ƙarshe ya ce, "Mu ma a kan dutse kakanninmu suka ɓuya daga irin waɗannan mutanen. Ka san abin haushin? Faifan nan da ake kira maigida ba ya ba ɗayan umarnin komai. Lamba ce kawai, na farko da na biyu. Ban san wanda ya ga damar sa musu wannan sunan ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Wa ya sa, kuma daga ina? Da aka tashi aiki na shiga wani kafe na intanet, na yi ta bin kalmar daga ƙamus zuwa ƙamus, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓace.

Na ga cewa kafin kwamfuta, masu haɗa agogo ne suka fara amfani da sunayen biyu: babban agogo guda da ke aika lokaci, da ƙananan da ke bin sa a sauran ɗakuna. Daga nan suka shiga birkin mota, shi ya sa makanikai ke cewa masta ya lalace. Daga baya masu kwamfuta suka gada. Ita master ba ta ba ni wahala ba, daga wata kalmar Latin ce mai nufin malami ko shugaba, ita ce dai a cikin hedimasta. Slave ce ta tsayar da ni. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, Faransawa sun gaje ta daga Latin, Latin kuma ya ɗauko ta daga bakin Girkawa. Da na kai ƙarshen igiyar, sai na tarar ba kalmar bawa ba ce tun asali. Sunan wata al'umma ce ta gabashin Turai, Slav. An yi zamanin da ake kama su da yawa ana sayarwa, yamma da kudu, har ƙasashen Larabawa, har ya zama in mai saye ya ce yana son Slav, kowa ya san abin da yake nufi. A hankali aka manta cewa sunan mutane ne. Wasu masana kuma sun ce sunan da suke kiran kansu ya fito ne daga kalmarsu ta magana, wato su ne masu maganar da ake ganewa.

Na zauna ina kallon allon har lokacina ya ƙare, mai kafen ya taɓa mini kafaɗa.

A lokacin Iya ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, ba ta fita gona. Amma da yamma sai an hura mata 'yar wuta a kasko, ta ce ƙasusuwanta na so. Na tarar da ita ita kaɗai. Na daɗe rabona da zama kusa da ita haka.

Na ce, "Iya, yau ni zan ba ki labari."

Ta ce, "To, ta zauna."

Na ba ta duka, tun daga 'yar robar har zuwa mutanen gabashin Turai. Ban san ko za ta gane faifai da waya ba, amma ba ta tambaye ni wannan ba.

"Farare ne?"

"Farare ne, Iya."

"Fararen ne kuma suka kama su?"

"Su da wasu."

Ta jinjina kai. "Suna nan, ko an ƙarar da su?"

"Suna nan. Ƙasashe ne guda-guda, da biranensu da makarantunsu."

"Sun san abin da aka yi da sunansu?"

"Sun sani."

"Sai suka yar da shi?"

"A'a. Har yau da shi ake kiransu, da shi suke kiran kansu."

Ta murza hannuwanta a kan kaskon. Da na gaya mata ma'anar sunan, cewa su a wurinsu masu magana yake nufi, sai ta yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har da tari.

"To da me za su kira kansu? Kowa a gidansu mai magana ne, Danlami. Sai an ɗaure shi an kai shi gidan wani ake cewa bai iya ba."

Na ce, "Iya, na daɗe ina jin haushinki."

"Na sani. Kai ne kake zama can bakin turmi." Ta laluba ta kamo hannuna. "Baffanka ma zai huce, ko ina nan ko ba na nan."

Bai huce tana nan ba. Ta rasu da daminar da ta biyo baya, ya iso ana shirin ɗaukar gawa, ya yi kukan da sai da aka riƙe shi.

Yanzu ina aiki a Abuja, ina kula da kwamfutocin wani kamfani, kullum in bi motar asuba in dawo da magariba. Wayar nan mai faɗi ta daɗe da ɓacewa. Masu rubuta manhaja ma sun yi ta gardama a kan kalmomin biyu, da yawa sun bar su, sun koma cewa na farko da mai bi masa, ko asali da kwafi. Na ji daɗin hakan, amma ban ɗauke shi wani babban abu ba. Goge kalma daga jikin inji aikin rana ɗaya ne. Ni da kaina nakan ji kalmar gwaranci ta zo mini baki idan wani ya yi santsin harshe, sai na cije ta.

Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan shi ne a faɗi gaskiya a ci riba. Amma wace riba? Gefen hanya ya tafi, aure ya mutu, ɗa ya bar uwarsa. Iya ta san duk wannan zai iya faruwa tun kafin ta gyara itacen. Sai da na girma na gane ba gona take karewa ba. Mahara sun raba kakarta da gida, masu gida sun raba ta da suna, saura kaɗan jikokinta su dafa Alƙur'ani su ce ba a ma taɓa haihuwarta ba. Wannan na ukun ne Iya ta tsaya ta hana, don shi kaɗai ne a hannunta.

'Ya'yana a gidan haya suka tashi, Turanci da Burokin, wato karyayyen Turanci, sun fi yawa a bakinsu, wuta kuma ta gas ce. Duk da haka na ba su labarin wani dare da aka ɗauke lantarki. Da na gama, babban ya ce, "Baba, to mu Hausawa ne ko Gbagyi?"

Na ce, "Duka biyun."

"In an tambaye ni a makaranta, wanne zan fara faɗa?"

Na ce, "Fara da wanda aka hana mu faɗa."